Awon Ciki da Haihuwa a Asibiti a Jihar Kaduna: Rajistar Aikin Tantance Lambobi Kafin a Fara Lissafi

Litinin, 5 ga Fabrairu, 2024

Tambayoyi biyu aikin nan zai amsa. Mata nawa cikin ɗari ne a Jihar Kaduna ke zuwa awon ciki aƙalla sau huɗu, kuma haihuwa nawa cikin ɗari ake yi a asibiti, idan aka rarrabe ta ilimin uwa, ƙarfin arzikin gida, da birni ko ƙauye. Bayanan da ke hannu su ne na binciken al'umma da lafiya na Nijeriya na 2018, wanda aka fi sani da NDHS, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar daga Agusta zuwa Disamba na shekarar. An tattauna da mata 41,821 masu shekara 15 zuwa 49 a faɗin ƙasar.

An yanke shawara a yau cewa ba za a fitar da kaso ko ɗaya ba sai an gama karanta kundin fassarar lambobi. Kundin shi ne takardar da ke faɗin sunan kowane gurbi, tambayar da ta haife shi, wa aka yi wa ita, da abin da kowace lamba ke nufi. Gurbi kuwa shi ne abu guda da aka tambaya ko aka auna, mai suna irin v106 ko m14. Takardu huɗu za a riƙa buɗewa tare: babban kundin DHS, wato shirin da ke gudanar da irin wannan bincike a ƙasashe da dama, na zagaye na bakwai, fayil ɗin da sunansa ya ƙare da MAP wanda ke zuwa tare da bayanan Nijeriya, takardar tambayoyin da ke ƙarshen rahoton 2018, da shi kansa rahoton. Babban kundin na duk ƙasashe ne, don haka inda ya saɓa da na Nijeriya, na Nijeriya ake bi.

An buɗe shafin Excel mai layi ɗaya ga kowane gurbi: suna, fayil, wa aka tambaya, lambobi na gaske, lambobi na musamman, da hukuncin da aka yanke a kansa.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Zaɓen fayil. Sunayen suna farawa da NG, wato Nijeriya, sai haruffa biyu da ke nuna irin fayil ɗin. A IR kowane layi mace ɗaya ce. A KR kowane layi yaro ɗaya ne da aka haifa cikin shekara biyar kafin binciken, rayayye ko marigayi. A BR duk haihuwar da mace ta taɓa yi. HR gida ne, PR mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Tambayoyinmu biyu ba su da tushen kaso ɗaya, wato adadin da ake fitar da kaso daga cikinsa. Awon ciki an tambaye shi ne a kan haihuwa ta ƙarshe kaɗai, saboda haka abin ƙirgawa mace ce, kuma IR ya wadatar, da gurbin m14_1, wato yawan zuwa awo a cikin haihuwa ta ƙarshe. Wurin haihuwa kuwa an tambaye shi a kan kowane yaro na cikin shekara biyar ɗin, abin ƙirgawa haihuwa ce, fayil ɗinta KR. Matar da ta haifi uku a wannan tsakani layi uku take da shi a KR. Wanda ya ƙirga ilimin iyaye mata daga KR ba tare da lura da haka ba zai ƙirga masu haihuwa kurkusa sau biyu ko uku, sai hoton ya karkata wajensu. Babu buƙatar haɗa IR da KR, domin KR na ɗauke da guraben uwa a kowane layi.

Alhamis, 8 ga Fabrairu

Babban kundi ya ce v024 shi ne yankin da mace ke zaune. A fayil ɗin Nijeriya wannan ba jiha ba ce, shiyya ce, guda shida, kuma lamba 3 ita ce Arewa maso Yamma: Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi, Sakkwato da Zamfara a dunƙule. Jiha tana cikin sstate. Harafin s a farkon suna alama ce ta gurbin da ƙasa ta ƙara don kanta, shi ya sa ba a samunsa a babban kundi. Lambobin jihohin ba sa bin jerin haruffa, don haka ba a cankarsu. An yi tab sstate, umarnin jera lambobin gurbi, sau biyu a Stata, manhajar lissafin da ake aiki da ita, ɗaya da sunaye ɗaya da nolabel, aka daidaita, aka rubuta lambar Kaduna a shafin Excel.

Babu gurbin ƙaramar hukuma da za a dogara da shi. An tsara samfurin ne don ya ba da alƙaluma na ƙasa, shiyya, jiha, da birni ko ƙauye. Ƙananan hukumomi 23 na Kaduna ba za su samu kaso kowacce nata ba, ko Zariya, ko Jama'a, ko Birnin Gwari. Ko da an nemi fayil ɗin GPS, wuraren da ke cikinsa an gusar da su da gangan don ɓoye sirrin masu amsa: har kilomita 2 a birni, har 5 a ƙauye, kashi 1 cikin ɗari na ƙauyuka har 10. An rubuta wannan iyaka a shafin farko na daftarin rahoto tun yanzu, domin ita ce tambayar da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi za su fara yi.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Yini guda a kan m14, kuma ya cancanci haka.

Kundi ya ce 0 na nufin ba ta je awo ba, lambobin da ke biye yawan zuwa ne, 98 na nufin ba ta sani ba, 99 an tanade ta don amsar da ta ɓace. Kwamfuta ba ta san 98 ba adadi ba ce. A ɗauki misali da mata goma: tara sun je sau huɗu huɗu, ta goma ta ce ba ta tuna ba. Jimla ta zama 134, matsakaici 13.4, alhali babu wadda ta wuce huɗu a cikinsu. Mace ɗaya ta ninka amsar fiye da sau uku.

Tarko na biyu ya fi wannan ɓuya. Matar da ba ta haihu cikin shekara biyar ba, ba a yi mata tambayar ba, gurbinta fanko ne, Stata na nuna shi da ɗigo. A ƙa'idar Stata, ɗigo ya fi kowace lamba girma. Idan aka rubuta sharaɗin m14_1>=4, zai kwaso masu zuwa huɗu da sama, ya kwaso masu 98, ya kuma kwaso duk wadda ba a tambaya ba, har da budurwar shekara goma sha biyar da ba ta taɓa ɗaukar ciki ba. Babu saƙon kuskure da zai fito. Kaso zai fito da kyau, mai faranta rai, kuma ƙarya ne. Haka abin yake a KR, inda m14 fanko ne ga duk yaron da ba shi ne na ƙarshe ba, wato wanda midx ɗinsa ya wuce 1.

Yadda aka gina gurbin: an fara da sifili ga duk mace mai haihuwa cikin shekara biyar, wato v208 ya fi 0, sannan aka mai da shi 1 inda m14_1 ke tsakanin 4 da 90 ta amfani da inrange, wanda ke da iyaka ta sama. Sauran mata suka kasance fanko.

Saura hukuncin masu 98. Ko a cire su gaba ɗaya, ko a bar su cikin tushen kaso a matsayin waɗanda ba a tabbatar sun kai huɗu ba. Rahoton 2018 na barin su a ciki, yana nuna su a layinsu daban. Mun bi rahoton, saboda muna so alƙalumanmu su yi kafaɗa da nasa. Amma akwai abin lura: wadda ta ce ba ta san sau nawa ba, ta je awon, yawan ne ya kuɓuce mata, kuma mai yiwuwa ne wadda ta je sau da yawa ta fi mantawa. Za a fitar da kason ta hanyoyin biyu, a nuna bambancin a ƙasan jadawali.

An ƙara gurbi na biyu mai iyakar takwas, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shawararta zuwa ganawa takwas a 2016.

Talata, 13 ga Fabrairu

m15, wurin haihuwa. Lambobin nan biyu biyu ne, kuma ta farko ce ke faɗin dangi: 1 gida, 2 asibitin gwamnati, 3 asibitin kuɗi. 11 gidan mai amsa, 12 wani gida, kamar wadda ta koma gidan iyayenta haihuwar fari, 21 babban asibitin gwamnati, sauran ishirin da wani abu ƙananan cibiyoyin gwamnati ne. 96 na nufin wani wuri daban, kuma ba asibiti ba ne. Sharaɗin m15>=20 zai haɗiye 96. Iyakar da aka sa ita ce 20 zuwa 39.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

Wanda ya karɓi haihuwa ba gurbi ɗaya ba ne, jeri ne daga m3a zuwa m3n, kowanne 0 ko 1, domin mace na iya ambaton mutum fiye da ɗaya. m3a likita, m3b nas ko ungozomar asibiti, m3g ungozomar gargajiya, m3n babu kowa. Haruffan da ke tsakani wasu an bar wa kowace ƙasa ta cike da irin ma'aikatanta, sai an duba fayil ɗin MAP na Nijeriya kafin a san wane harafi ne na wa. Jimlar kasonsu na iya wuce ɗari, kuma ba kuskure ba ne. Don fitar da amsa ɗaya ga kowace haihuwa ana ɗaukar mafi ƙwarewa cikin waɗanda aka ambata.

A nan Hausa ta kawo matsalar da babban kundi bai san da ita ba. Kalmar ungozoma tana ɗaukar tsohuwar unguwa da ke yanke cibi ta yi wa jariri wanka, tana kuma ɗaukar wadda ta yi makarantar koyon aikin ungozoma take ɗakin haihuwa da fararen kaya. A bayanan kuwa m3b da m3g gefe biyu ne na ma'aunin: ta farko tana cikin ƙwararru, ta biyu ba ta ciki. Kama da wane ba ta wane. Tunda rahotonmu zai fita da Hausa, an hana rubuta ungozoma ita kaɗai a kowane jadawali ko jimla. Dole a ce ta asibiti ko ta gargajiya.

m3n ma na buƙatar kulawa a ƙasar Hausa, inda haihuwa ita kaɗai a ɗaki abu ne sananne, sai bayan jariri ya faɗo a kira ungozomar gargajiya. Tambayar a kan wanda ya taimaka wajen haihuwar take, kuma mata biyu da abu ɗaya ya faru da su na iya amsawa daban, ɗaya ta ce babu kowa, ɗaya ta ambaci wadda ta zo daga baya. Ga ma'aunin ƙwararru wannan bai canza komai ba, duka biyun sifili ne. Ga wanda zai kwatanta m3g da m3n kuwa, iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kauri.

Talata, 20 ga Fabrairu

Guraben rarrabewa.

v106 matakai huɗu ne: 0 babu, 1 firamare, 2 sakandare, 3 gaba da sakandare. Babu makarantar allo a cikinsu, babu Islamiyya a matsayin mataki. Saboda haka sunan da za a ba lamba 0 a rahoto shi ne ba ta yi boko ba. Rubuta ba ta da ilimi zalunci ne ga matar da ta sauke Alƙur'ani a Tudun Wada ko Rigasa, kuma bayanan ba su faɗi haka ba. Har wa yau v106 matakin da aka shiga yake nunawa, ba wanda aka kammala ba: wadda ta bar makaranta a aji ɗaya na ƙaramar sakandare lamba 2 take, tare da wadda ta gama aji shida. v149 ne ke raba su, da matakai shida daga 0 zuwa 5. Za a yi aiki da v149 inda adadin mata ya isa.

v155, iya karatu, ya yi kama da tsani amma ba tsani ba ne. 0 ba ta iya ba, 1 ta karanta wani ɓangaren jimla, 2 ta karanta duka. Sai 3, babu kati da harshen da take buƙata, da 4, makanta ko raunin gani. Wanda ya ɗauki 1 zuwa sama a matsayin masu karatu ya shigar da mutanen da ba a gwada ba.

v190 yana raba gidaje kashi biyar, daga 1 mafi talauci zuwa 5 mafi wadata, bisa kayan gida, rufi, daɓe, ruwan sha da bayan gida, ba bisa kuɗin shiga ba. Rabon na ƙasa baki ɗaya ne, don haka a cikin Kaduna ba lallai kowane kashi ya zama 20 cikin ɗari ba, kuma idan bai zama ba babu abin gyarawa.

v467 jerin matsalolin zuwa asibiti ne: b neman izini, c kuɗi, d nisa, f rashin son tafiya ita kaɗai. Lambobinsu 1 da 2 ne, ba 0 da 1 ba, kuma 1 ce babbar matsala. Idan aka jefa su cikin lissafi yadda suke, alamar sakamakon za ta juya, nisa ya fito kamar yana ƙara zuwa asibiti. Takardar tambayoyi ta nuna kuma cewa tambayar a kan lokacin da mace ba ta da lafiya take, ba a kan ciki ko naƙuda kaɗai ba. Sunan gurbin bai nuna haka ba, sai da aka koma ga kalmomin tambayar.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Kwanan wata a fayilolin nan lamba ɗaya ce, ƙirgen watanni daga Janairun 1900. A cire 1900 daga shekara, a ninka da 12, a ƙara lambar wata. Oktoban 2018 ya zama 118 sau 12, a ƙara 10, wato 1426. v008 watan tattaunawa ne, v011 watan haihuwar uwa, b3 na yaro.

Amfaninsa shi ne v012 shekarun uwa ne ranar tattaunawa, mu kuwa shekarunta ranar haihuwa muke so. Uwar da aka haifa a Maris 1995 lambarta 1143. Yaron da ta haifa a Yunin 2016 lambarsa 1398. Bambanci wata 255, shekara 21 da wata uku. Ranar tattaunawa a Oktoban 2018 tana da 23. Ga masu haihuwa ƙasa da shekara 20 wannan ba ƙaramin abu ba ne: da v012, wadda ta haihu tana 17 aka same ta tana 21 ta fita daga rukunin da ya kamata a gan ta. An gina sabon gurbi daga b3 da v011.

Arzikin gida da wurin zama ba su da irin wannan gyara. Na ranar tattaunawa ne, ko da haihuwar ta shekara huɗu. Za a faɗi haka a rahoto.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Nauyi da tsarin samfur. v005 shi ne nauyi, wato ƙimar da ake ba amsar kowace mace a lissafi, lamba ce da aka ɓoye ɗigonta na desimal kafin lambobi shida na ƙarshe, sai an raba ta da 1,000,000. Ana buƙatarta saboda ba a raba samfurin daidai da yawan jama'ar kowace jiha ba, an ba ƙananan jihohi fiye da rabonsu don su ma su samu alƙaluma. Ko a cikin jiha ɗaya nauyin ya bambanta daga gungu zuwa gungu, wato tarin gidajen da aka zaɓa a wuri ɗaya, saboda haka ware Kaduna bai sauke wannan farilla ba. Jimlar nauyin kuma ba yawan matan jihar ba ce, an daidaita ta ne da girman samfurin ƙasa.

An zaɓi gungu 1,400 daga yankunan ƙidayar 2006, gida 30 a kowanne, cikin rukuni 74, wato jihohi 36 da Abuja, kowacce birni da ƙauye. Mata talatin na unguwa ɗaya suna kama da juna, asibiti ɗaya ke kusa da su, hanya ɗaya suke bi. Idan ba a gaya wa kwamfuta haka ba, za ta ɗauke su kamar an tsinto su daga wurare talatin, tazarar amincewa, wato iyakoki biyun da ake sa ran ainihin kason na tsakaninsu, ta fito a matse fiye da gaskiya. An saita svyset, umarnin da ke gaya wa Stata tsarin samfur, da v021 a matsayin gungu, v022 rukuni, da nauyin da aka raba. Kaduna ana ware ta ne da subpop, ba da goge sauran jihohi daga fayil ba.

Daga nan aka yi gwajin da duk makonni ukun ke jiransa: fitar da alƙaluman ƙasa da rahoton 2018 ya buga. Awo huɗu ko fiye kashi 57 ne cikin ɗari, haihuwa a asibiti 39, haihuwa a hannun ƙwararru 43. Ƙa'idar aikin ita ce ba a taɓa Kaduna sai ukun nan sun fito daidai, tare da adadin matan ko haihuwar da ke ƙasan kowane jadawali. Adadin nan ya fi kason tona asiri, domin kaso na iya dacewa bisa sa'a, amma tushen da ya ƙaru da layi ɗari yana nuna an shigar da wanda bai kamata ba. Biyun farko sun zauna. Na uku yana jiran a kammala daidaita haruffan m3 da jerin ƙwararrun da rahoton ya bayyana a ƙasan jadawalinsa.

Laraba, 28 ga Fabrairu

An nemi a ƙara nauyin jariri lokacin haihuwa cikin aikin. m19 giram ne, 9996 ba a auna ba, 9998 ba ta sani ba, m19a kuma na faɗin ko daga kati aka kwafa ko daga ƙwaƙwalwar uwa. Cire 9996 abu ne mai sauƙi, amma wanda aka haifa a ɗaki galibi ba a ɗora shi kan sikeli ba, sai abin da ya rage ya zama 'ya'yan masu zuwa asibiti. Kason da zai fito nasu ne, ba na jariran Kaduna ba. Shawararmu ita ce kada a saka shi a wannan zagaye, sai dai a buga kason waɗanda aka auna, wanda shi kansa labari ne.

An karɓi ƙa'idar DHS ta ƙananan adadi: inda mutanen da ke ƙasan kaso, kafin a sa nauyi, ba su kai 25 ba, tauraro ake sawa a madadin lamba, daga 25 zuwa 49 kuma a sa kason cikin baka biyu. Rarraba jiha ɗaya ta v149 da v025, gurbin birni ko ƙauye, a lokaci guda zai jefa wasu ɗakunan jadawali cikin wannan hali, musamman masu gaba da sakandare a ƙauye. Inda haka ta faru za a haɗe matakai 4 da 5.

Shafin Excel na da layin kowane gurbi da aka ambata a sama, saura m3c zuwa m3f da ba a rufe ba. Bayansu sai fayil ɗin 2013, wanda na zagaye na shida ne kuma ba shi da b19, gurbin shekarun yaro a watanni, don haka shekarun yaro a can sai an cire b3 daga v008. Za a buɗe masa shafi nasa daban, a karanta MAP ɗinsa daga farko, a fara da sstate da m15.